Wanda ya ji rauni a wuyan hannu: yadda zai koma wasan golf, aikin gida da sallarsa ba tare da ya fama ciwon ba

  

Darasinmu na yau a kan wuyan hannu ne. Wani zai ce, me ya haɗa mu da golf kuma? To ai mu nan Mando muna zaune ne tsakanin barikin sojan sama da makarantar NDA ta Afaka, kuma cikinmu akwai hafsoshi da ma'aikata, masu aiki da waɗanda suka yi ritaya, da ke zuwa Kaduna Golf Club su motsa jini. Da yawansu likita ne ma ya ce su riƙa tafiyar ƙafa saboda hawan jini ko sukari. Idan irin wannan bawan Allah ya karye a wuyan hannu ya daina fita, sai nauyi ya ƙaru, sukari ya hau, zaman gida ya dame shi. Sannan dabarar da ɗan golf zai bi ita ce dai wadda mai fartanya, mai faskare da uwargida mai daka za su bi. Don haka kowa ya karanta, akwai rabonsa a ciki.

Maganar a dunƙule ita ce: wuyan hannun da ya warke da ƙarancin lanƙwasa, ba a tilasta masa ya koma yadda yake a da. Rage masa aiki ake yi, a miƙa aikin ga kafaɗa da ƙugu da ƙafafu.

*Yadda Allah ya gina wuyan hannu*

A wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa guda 8, jeri biyu, suna zaune a kan dogayen ƙasusuwa biyu da suka taso daga gwiwar hannu. Jijiyoyi ne suka ɗaure su. Lafiyayyen wuyan hannu yana lanƙwasa ƙasa wajen digiri 70 zuwa 80, ya ɗaga sama wajen digiri 70, ya kuma karkata gefe da gefe kaɗan. Amma likitoci sun lura cewa yawancin ayyukan yau da kullum, kamar cin abinci, rubutu da sa tufafi, kimanin digiri 40 sama da 40 ƙasa sun ishe su. Kun ga ke nan ko rabin lanƙwasar mutum ya samu, zai yi rayuwarsa lafiya lau. Wannan rahama ce daga Ubangiji.

Raunuka uku ne suka fi shafar maganarmu.

Na farko, karayar babban ƙashin da ke ɓangaren babban yatsa, dab da wuyan hannu. Ita ce ke samun wanda ya faɗi ya tokare da tafin hannu: faɗuwa daga babur, santsin banɗaki, ko zamewa a taɓo lokacin damina. Yawanci akan sa simintin asibiti, wanda muke ce wa POP, na kimanin mako 6, wani kuma sai an yi aiki an sa ƙarfe.

Na biyu, tsagewar wani ɗan ƙashi a gindin babban yatsa, likitoci na ce masa sikafoyid. Wannan mayaudari ne. Ba ya kumbura sosai, mutum ya ɗauka targaɗe ne, kuma sau da yawa hoton farko ba ya nuna shi, sai an sake ɗauka bayan kwana 10 zuwa 14. Jini bai cika isarsa ba, shi ya sa in an yi sakaci sai ya ƙi haɗewa, bayan shekaru wuyan hannun ya sandare. Alamarsa ita ce ciwo a ɗan ramin nan da ke fitowa a gindin babban yatsa idan ka ɗaga shi.

Na uku, karayar wani ɗan ƙugiyar ƙashi a cikin tafin hannu ta ɓangaren ƙaramin yatsa. Wannan kam ciwon masu riƙe sanda ne. Gindin sandar golf a kansa yake zama, to idan sandar ta daki ƙasa mai tauri ko saiwar bishiya, girgizar a nan take sauka. Ga mai wasa da dama, hannun hagu ne ke sama a kan sanda, kuma shi ya fi jin rauni. Ɗan wasan Amurka Bryson DeChambeau irin wannan karayar ce ta same shi a hannun hagu, aka yi masa aiki a watan Afrilun 2022, ya dawo ya ci gasar US Open a 2024.

*Neman magani da maganar ɗori*

Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani, kamar yadda ya zo a hadisin Usama ɗan Sharik wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Kuma gyaran karaya ilimi ne da Musulmi suka daɗe da shi. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013 Miladiyya, ya ware sashe guda a littafinsa At-Tasrif a kan ɗorin karaya da gocewar gaɓɓai.

Masu ɗorinmu na gargajiya akwai masu gado da ƙwarewa a cikinsu, ba mu raina su ba. Sai dai hannu komai gwanintarsa ba ya ganin cikin ƙashi. Shawarar ita ce a fara ɗaukar hoto. Ga Babban Asibitin Kawo nan kusa, ga Barau Dikko, ga asibitin sojoji na 44. In abin ya yi tsanani akwai asibitin koyarwa na Shika a Zariya da asibitin ƙashi na Dala a Kano. Kuɗin hoto bai kai kuɗin hannun da ya lalace ba.

Ko siminti ne a hannu ko karan ɗori, duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan to a garzaya asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne:

1. Yatsu sun kumbura sun yi sanyi, ko farce ya sauya launi.
2. Yatsu sun mutu, ko suna ta tsira kamar allura.
3. Ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, musamman in an miƙe yatsun.
4. Wari ko ruwa na fita daga ƙarƙashin ɗaurin.

Waɗannan alamun ɗauri ne da ya matse ya hana jini gudu. A cikin sa'o'i kaɗan naman hannu zai iya mutuwa, kuma haka ake kaiwa ga yanke hannu. Don Allah kar a ce a bari sai gobe.

*Alwala da sallah*

Addininmu bai ɗora wa mai rauni abin da ba zai iya ba. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin shafa a kan ɗauri, kuma a Mukhtasar na Shehu Khalil fasali guda aka ware masa. A taƙaice, ka wanke inda ruwa ba zai cutar ba, kamar yatsun da ke waje, sannan ka jiƙa hannu ka shafi saman ɗaurin sau ɗaya. Haka ma a wankan janaba. Ba sharaɗi ba ne a ce da alwala aka ɗaura shi. Kar a zuba ruwa cikin siminti, yana lalata shi ya kuma ruɓar da fata.

Wajen sujada ne aka fi shan wuya, domin tafin hannu a shimfiɗe da nauyin jiki a kansa yana bukatar wuyan hannu ya ɗaga sosai. A mazhabarmu ɗora goshi a ƙasa shi ne farilla, ɗora tafukan hannu sunna ne, gabatar da hannaye wajen sauka kuma mustahabbi ne. Saboda haka mai rauni ya sauka da gwiwoyinsa, ya tokare da lafiyayyen hannun, ya ajiye mai ciwon a ƙasa gwargwadon yadda ya samu ba tare da ya ɗora masa nauyi ba. Wajen tashi ma lafiyayyen zai dafa.

A kula da wani abu. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya nuna cewa zama na wanda ya kasa tsayuwa ne. Ciwon wuyan hannu shi kaɗai bai cika hana mutum tsayuwa, ruku'u ko kai goshi ƙasa ba, don haka kar a yi saurin komawa kujera a sallar farilla. Wanda lamarinsa ya haɗa da ciwon gwiwa ko baya, ya tambayi limamin unguwarsu.

Cin abinci da hagu ga wanda damansa ke ɗaure, ko tsarki da dama ga wanda hagunsa ke ɗaure, duk uzuri ne, babu laifi in sha Allahu.

*Bayan an cire ɗauri*

Ranar da aka cire siminti za ka ga hannun ya rame, ya sandare, fata na saɓa. Kar hankali ya tashi, haka yake yi wa kowa. Mafi yawan lanƙwasar a watanni ukun farko take dawowa, sauran kuma tana ci gaba da zuwa a hankali har shekara. Ka nemi a tura ka sashen gashin ƙashi, su ne za su auna maka su tsara maka atisaye. Ga irin abin da aka saba bayarwa, kuma ya fi sauƙin tunawa in ka haɗa shi da lokutan sallah:

1. Tsoma hannun a ruwan ɗumi na minti 10. Ɗumi fa, ba mai ƙuna ba. Mai ciwon sukari ya sa wani ya taɓa masa ruwan.
2. Ɗora hannu a kan tebur, tafin ya leƙo bakin teburin, ka ɗaga sama ka sauke ƙasa sau 10.
3. Manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka juya tafi sama kamar mai addu'a, ka kife shi, sau 10.
4. Dunƙule yatsu ka buɗe, sannan babban yatsa ya taɓa kan kowane yatsa, kamar mai tasbihi.
5. Idan likita ya ba da izinin ƙarfafawa, ka riƙa matsa soso a cikin ruwa.

Ma'aunin shi ne: jin ja ko ɗan tsami ba komai, amma suka mai kaifi tana nufin ka tsaya. Ciwon da ya kwana har ya wayi gari da kumburi, to jiya ka wuce gona da iri, yau ka rage. Kuma kar ka yarda wani ya kama hannun ya murɗa da ƙarfi wai don ya saki.

*Sabon salon kaɗa sandar golf*

A salon da aka saba koyarwa, mai wasa yana karya wuyan hannu lokacin da ya ɗaga sanda baya, ya sake shi dab da ƙwallo kamar bulala. Wanda lanƙwasarsa ta ragu in ya nace sai ya yi haka, ko dai ya fama ciwon, ko gwiwar hannu da kafaɗa su ɗauki wahalar su ma su fara ciwo. Ga gyaran da ya kamata:

*Ƙara kaurin mariƙi.* Mariƙi mai kauri yana rage matsewar yatsu, yana kuma kwantar da wuyan hannu. Akwai na musamman da ake sayarwa, ko a ƙara naɗi a ƙarƙashin wanda ke kai. Ka riƙe da sassauci, yadda za ka riƙe ɗan tsako.

*Taƙaita ɗagawa.* Maimakon kai sanda har bayan ƙeya, ka tsaya idan hannun hagu ya kai daidai kafaɗa. Kashi uku cikin huɗu ya wadatar.

*Juya jiki.* Kafaɗu da ƙirji da hannaye su tafi tare kamar abu guda. Ka bar ƙugu ya juya, ka ɗan buɗe yatsun ƙafa waje, in ta kama ma dundunniyar hagu ta ɗan ɗaga. Wajen dawowa, nauyi ya koma ƙafar hagu, cibiya ta ƙare tana kallon inda ka nufa. Ƙarfin daga ƙasa zai taso.

*Share ƙwallo, kar ka haƙa.* Saran ƙasa shi ne babban abokin gabar wuyan hannu. Mu nan Kaduna daga shigowar hunturu har zuwa bazara ƙasa kan bushe ta yi tauri kamar daɓe, to sai a ƙara kula. Wajen atisaye ka ɗora kowace ƙwallo a kan ɗan tsinkenta. Ƙwallon da ta faɗa cikin doguwar ciyawa ko gindin bishiya, ka ɗauke ta ka karɓi bugun tara. Bugu ɗaya ba ya kai hannu daraja.

*Sauya sanduna.* Sanda mai jikin girafait ta fi ta ƙarfe rashin nauyi, ta kuma fi shanye girgiza. Dogayen sandunan ƙarfe ka maye su da masu faɗin gindi da ake kira haibirid, su suna zamewa a kan ƙasa. Ka ɗauki sandar da ta fi wadda ka saba nisa da mataki ɗaya, ka buga a natse.

*Komawa daki-daki.* Bayan izinin likita, wanda galibi ba ya zuwa kafin wata uku ga mai karaya, ka fara da gangara ƙwallo cikin rami. Bayan mako ɗaya ko biyu ba ciwo, sai gajeren bugu na kusa. Sannan rabin kaɗawa da gajerun sanduna, sannan ramuka 9, daga ƙarshe 18. Ka bar kwana guda tsakanin fita da fita.

Nisan bugunka zai ragu, wannan gaskiya ce. Amma sau da yawa saiti yana ƙaruwa. Steve Stricker na Amurka an san shi da ƙarancin karya wuyan hannu, kuma ya ci gasa 12 a babban zagayen PGA. Calvin Peete, baƙar fata ɗan Amurka, tun yana yaro ya karye a gwiwar hannun hagu, bai ƙara iya miƙe hannun sosai ba har ya rasu. Duk da haka shekara 10 a jere, daga 1981 zuwa 1990, shi ne na ɗaya wajen saitin bugun farko a wannan zagaye. Ed Furgol ma da lanƙwasasshen hannun hagu ya ci US Open a 1954. Su nasu a gwiwar hannu ne, amma darasin ɗaya ne: sun gina salonsu a kan hannun da Allah ya bar musu.

*A gida, a gona, a kan hanya*

Uwargida, matse wanki da murɗa shi ne ya fi komai wahalar da wuyan hannu. Ki rataya tufar a jikin ƙarfe ko reshe ki murɗa da lafiyayyen hannu, ko yara su taya ki. Tukunya a ɗauke ta da hannu biyu, a kusa da jiki. Daka kuwa, ki naɗa tsumma a taɓarya ta yi kauri, ki bar nauyin taɓaryar ya yi aikin, ki sassauta riƙo lokacin da take sauka. A watannin farko gara a kai inji. Maigida, a nan ake gane mai tausayi. Manzon Allah (SAW) yana taya iyalinsa aikin gida, kamar yadda Nana A'isha (RA) ta ba da labari.

Jarka mai lita 25 cike da ruwa nauyinta kilo 25 ne. Ba ta hannun da bai daɗe da fita siminti ba ce. A raba ruwan a bokitai biyu ƙanana.

Mai fartanya da mai gatari, ku nemi ƙota mai kauri da ɗan tsawo, ku miƙe wuyan hannu ya yi layi ɗaya da damtse, ku sara da ƙugu da kafaɗa. A jira ƙasa ta sha ruwa kafin a fara.

Mai babur da mai Keke Napep, kar ka koma titi sai ka tabbata za ka iya damƙe birki da ƙarfi farat ɗaya ba tare da ciwo ya sa ka saki ba. Rayukan fasinja amana ne a wuyanka.

*Abinci da magungunan Musulunci*

Ƙashi yana bukatar kayan gini. A yawaita nono da kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, ƙwai, wake, riɗi, zogale, da lemo ko gwaba. A riƙa shan hantsi, domin rana tana taimaka wa jiki ya sarrafa sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Sigari da shisha suna jinkirta haɗewar karaya, wannan tabbatacce ne wajen likitocin ƙashi. Mai sukari ya kula da awonsa.

Zuma, habbatus sauda da man zaitun abubuwa ne masu albarka, a ci su daidai misali. Man zaitun yana da kyau wajen tausa mai laushi bayan an cire ɗauri kuma rauni ya rufe, yana gyara fatar da ta bushe. Amma kar wani ya ce maka shafa mai zai haɗa ƙashin da ya goce, sai an mayar da shi mazauninsa an tsare shi. Ƙaho kuma kar a yi shi a kan sabuwar karaya, ko wurin da ya kumbura, ko kan ɗinkin aiki. A guji tsaga da sakiya a wuyan hannu, jijiyoyin jini da na ji suna dab da fata a wurin.

Maganin ciwo a sha wanda likita ya rubuta. Irin su ibuprofen da diclofenac suna cin ciki suna taɓa ƙoda in an daɗe a kansu, balle a cikin da ba abinci. Haɗin ƙwayoyi na ƙulli da ake sayarwa a tasha, da tramadol, a nisance su.

Iyayenmu mata da suka daina al'ada, idan ɗan santsi kaɗai ya karya wuyan hannu, wannan na iya zama alamar ƙashi ya fara laushi. A gaya wa likita ya duba, kafin abin ya kai ga karayar ƙugu.

A haɗa da addu'a. A hadisin Usmanu ɗan Abil As da ke cikin Muslim, Manzon Allah (SAW) ya koya masa ya ɗora hannu a inda ke ciwo, ya ambaci sunan Allah sau uku, sannan ya nemi tsarin Allah daga sharrin abin da yake ji sau bakwai. Lafazin yana cikin Hisnul Muslim, a duba a haddace. Kuma mu tuna ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ko ƙaya ce ta soki mumini, ana kankare masa zunubi da ita.

Wanda ya san mai irin wannan lalurar ya tura masa, ya tura wa sauran 'yan uwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya tsare mu da iyalanmu daga haɗari, ya sa wahalar ta zama kaffara. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.